Baƙi na tafe daga Yamai: yaya za a raba yini ɗaya tsakanin Birni, Kasuwar Dole da motsa jiki?

Baban Biyu:
Assalamu alaikum ƴan zaure. Shawara nake nema. Yayana zai zo Damagaram da iyalinsa a hutun lakwal na ƙarshen Disamba, kuma yini ɗaya rak muka ware don yawo. Mu tara ne: manya huɗu, har da Inna da ta haura shekara 60 kuma tana fama da gwiwa, sai yara biyar daga ɗan shekara 4 zuwa mai 14. Shi tsoffin gine-gine yake son gani, uwargidansa kasuwa, yaran kuwa in ba a gajiyar da su ba, ba mai runtsawa a gidan. Ta ina za mu fara, kuma wace rana?

Mushen Tarihi:
Wa alaikumus salam. Rana ce za ta tsara muku yinin, ku dai ku bi ta. A ƙarshen Disamba wajen 6:45 take fitowa, ta faɗi wajen 6 na yamma. Adon da ke fuskar gidajen tsoffin unguwannin Birni da Zango tudu da kwari ne a jikin yaɓe, inuwa ke fito da shi. Da rana ta take tsaka inuwar ta gudu, sai ka ga bango shafal kamar ba a taɓa sa masa hannu ba, hoton ma ya fito fari fat. Saboda haka Birni da safe, daga 7:30 zuwa 10, kuma a ƙasa. Mota ba ta da amfani a lungunan nan, wasu ma jaki biyu ba sa giftawa a cikinsu. Daga nan kasuwa kafin azahar, a koma gida a kwanta, bayan la'asar a leƙa Zango.

Hajiyar Zango:
Mushe, tsarinka na takarda ne. Yaro ɗan shekara 4 da ya yi awa biyu da rabi yana taka ƙasa, shi za ka ɗauka ka shigar Dole da ƙarfe 11? Kuka kawai za ku saya. A raba tawaga: in an fito Birni, Inna da ƙananan yara su wuce gida, mutum uku ko huɗu su shiga kasuwa.

Zancen rana kuma, Alhamis ce babbar ranar kasuwa. Ranar ce mutanen ƙauye ke shigowa da tabarmi, faya-fayai, ƙore, tukwane da bisashe. Mai son kallo, Alhamis. Amma mai son ya zauna ya zaɓi kaya a tsanake, ya yi ciniki ba wanda ke ture shi, ya je Talata ko Laraba, shagunan suna nan buɗe. Juma'a dai ku cire ta: kafin ku ankara an fara rufe rumfuna, fada kuma ta cika da jama'a.

Mushen Tarihi:
Na karɓi gyara, Hajiya. Amma ni da Alhamis zan tsaya. Yaran da suka tashi a Yamai, kasuwar raƙuma da shanu ma makaranta ce.

Hajiyar Zango:
Makarantar da ake ɓatar da ɗalibi. In sun nace sai Alhamis, a rubuta lambar waya a takarda a sa wa kowane yaro a aljihu, a kuma nuna musu ƙofa ɗaya da za a haɗu in an rabu.

Tsohon Magini:
Baban Biyu, abin da ke kashe irin wannan yawo shi ne a yi ta wucewa ana cewa "kai, ya yi kyau". Gida na biyar yara sun gundura. Gara ku tsaya a gida uku ko huɗu ku karanta su da kyau, daga ƙasa zuwa sama.

Ku nemi bangon da yaɓensa ya zube, a nan za ku ga tubali. Ba na kwalin bulo ba ne, da hannu ake mulmula shi, gindi da faɗi, kai da tsini. Ƙasar sai an jiƙa ta, an zuba ciyawa ko ƙaiƙayi, an tattake da ƙafa, an bar ta ta kwana ta ruɓa, an sake juyawa an sake tattakewa. Bayan an mulmula a shanya shi kamar mako biyu. Wurin gini gindinsa ke ƙasa, tsinin sama, a cike tsakani da kwaɓi. Magini a kan bangon yake zaune kamar ya hau doki, yaransa na cilla masa tubali ɗai-ɗai daga ƙasa. Ba a ɗora sahu da yawa rana guda, sai na ƙasa ya sha iska, in ba haka ba bango ya yi ciki. Ku sa yaro ya auna kaurin bango a bakin ƙofa da taƙinsa, sannan ya ɗaga kai ya ga yadda yake sirancewa in ya yi sama. Nauyin a ƙasa ake tara shi, shi ya sa yake tsaye.

In aka ba ku izinin shiga zaure, ku ɗaga kai, ku haska da fitilar waya don ciki da duhu. Itacen da ke jere a rufi azara ce, giginya ake tsagawa, gara ba ta cin ta da sauƙi. Amma azara ɗaya ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in tazarar ta kusa wuce mita 2, shi ne dalilin da ɗakunan da ba su da faɗi. Mai son babban zaure sai ya sa ginshiƙi a tsaka, ko a yi masa baka: a dasa azara cikin bango ta leƙo, a ɗaura wata a kanta da igiya ta ƙara leƙowa, daga kowane gefe, har su haɗu a tsakiya, a lulluɓe da ƙasa. Idan bakuna suka gicciye juna, shi ne daurin guga. Wanda ya kalle shi daga ƙasa zai ga dalilin sunan, kamar yadda ake ɗaure bakin gugan rijiya yake. A kan wannan ake shimfiɗa gajerun azara, sai zana ko asabari, sai ƙasa.

A waje kuma ku duba indararo, shi ne ran soro. Ruwan sama ba ya kashe ginin ƙasa in ya samu hanyar fita. Abin da ke kashe shi indararon da ya toshe da leda ko sheƙar tsuntsu, ruwa ya kwana a kan rufi, azara ta jiƙa, wata rana a ji rugum. Na biyu gindin bango, inda ruwan da ya zubo ke fantsama, ga danshi da kanwa na ci daga ƙasa. Dakalin da kuke gani tsofaffi na zama a kai, rabin aikinsa tsare gindin bango ne.

Baban Biyu:
Allah ya ƙara basira, Baba. To ƙahonnin nan na saman soro fa, ado ne kawai?

Tsohon Magini:
Zanko ke nan. Ado ne, amma ba shi kaɗai ba. Kusurwa ita ruwa ke fara ci, nauyin zanko na danne ta, kuma shi ke zaizayewa kafin abin ya kai ga bango. Magina kan maƙala igiya a jikinsa in za a sabunta yaɓe. Layin da ya zagaye saman bangon tsakanin zankwaye shi ne rawani.

Yaɓen da kuka ga ya yi duhu kamar ƙasa-ƙasa mai ja, makuba ce: ɓawon ɗorawa ake jiƙawa a kwaɓa da ruwansa, yana hana ruwa shiga. Akwai kuma laso, wanda ake haɗawa da katsin marina, gashin akuya daga majema da dafara. Shi ya fi ƙarko, amma da marina ta ja baya shi ma ya yi wuya. Zanen kuwa tun yaɓe na ɗanye ake yin sa, da yatsa da ƴar wuƙa ko cokali, a ɗora wani wuri a ƙwaƙule wani. Ku ba yaran gasa: wa zai fara gano dagi, wa zai ga takobi, wata da tauraro, ko allo. A wasu gidajen har keke ko jirgin sama za a gani, mai gidan ne ke nuna abin da ya mallaka ko ya je hajji. Wanda ya fi tarawa a saya masa alkaki. Da wannan za su yi tafiyar ba su san sun yi ba.

Bakanon Zaure:
Duk wannan dogon bayani a kan ƴan soraye? Ku kawo su Kano su ga Gidan Rumfa da Gidan Makama, su san an yi gini.

Mushen Tarihi:
Mun taɓa zuwa ai. Sarkinmu Kuran Daga ya kawo muku ziyarar yaƙi har Gezawa, ba mu ji kun yi masa tayin zagaya gari ba.

Bakanon Zaure:
Allah ya shirye ku, Damagarawa. Ku ci gaba, ina saurare.

Mushen Tarihi:
Tunda an tabo tarihi, ga abin da za a gaya wa manyan yaran a taƙaice, kada a cika su da shekaru. Birni mazaunin sarauta ne, Zango masaukin fatake da ayarin da ke zuwa daga arewa, Sabon Gari ya taso daga baya. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, shi ya ɗaukaka Damagaram, a zamaninsa aka kewaye Birni da ganuwa, kuma ginin fadar ana danganta shi da tsakiyar ƙarni na 19. Ganuwar saura kaɗan ta rage, sai an nuna maka. A 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou na Faransa a nan, a 1899 Faransawa suka ci garin. Damagaram ce hedkwatar mulkinsu a Nijar daga 1911 har 1926 da aka mai da ita Yamai. Wannan na ƙarshe ku nanata wa baƙin naku da kyau.

Shiga fada ba a yi masa zuwan ba-zata da mutum tara. A tura mutum ɗaya tun jajibiri ya ga dogarai a ƙofa, ya faɗi yawanku da lokacin da kuke so. Su za su haɗa ku da mai zagayawa da ku, su kuma faɗi inda aka yarda a shiga. A cire takalmi inda aka ce a cire, mata su yafa mayafi, samari ban da gajeren wando. Hoto sai an tambaya, kowane wuri da tambayarsa. A tanadi tukuicin mai rakiya a hannun mutum ɗaya, a ba shi a ƙarshe, ba kowa ya riƙa zaro nasa ba. Masallacin yana nan gaban fada, ba sai an yi wata tafiya ba.

Gargaɗi ɗaya da ba wasa a ciki: tsohuwar ganuwar sojan Faransa da ke kan duwatsu barikin soja ce har yau. A kalla daga nesa, kada wanda ya ɗaga waya ta wajen. Ɗan shekara 14 ɗin nan shi za a fi ja wa kunne.

Ɗan Sabon Gari:
Ni ina da ja a kan yadda ake yabon ginin ƙasa kamar ba shi da aibu. Baƙo ya zo ya yi hoto ya tafi, mai gida ke neman kuɗin yaɓe duk shekara ko biyu. Wanda ya shafe bangonsa da siminti ya rufa da kwano ba jahili ba ne, lissafi ya yi. Baƙinku za su ga gidaje da yawa haka a Birni, kada a ce musu lalacewa ce.

Tsohon Magini:
Ɗana, ban ce jahili ba ne, amma lissafin bai cika ba. Ƙasa na shan danshi tana fitarwa, siminti ba ya yi. Zafi da sanyi kuma ba tare suke motsa su ba, sai simintin ya tsage kamar gashi. Ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa mafita, ƙasar da ke baya ta zama kunu. Daga waje bango sumul, ciki rami. Ka ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, in ka ji yana amsawa kamar ganga, ya rabu da bangon, ranar da zai faɗo falle guda zai zubo. Masu yi da hankali suna kafa ƙusoshi ko ragar waya kafin su shafa, yana ƙara masa kwana, ba ya warkar da ciwon. Kwano kuma ka shiga ɗakinsa a watan Afrilu ka shiga soro, jikinka zai yi maka alƙalanci.

Abin da ya shafi masu yawo a nan: duk bangon da kuka ga ya yi ciki ko simintinsa ya ɓanɓaro, kada yara su jingina ko su yi wasa a gindinsa.

Ɗan Sabon Gari:
Zancen zafi na yarda. Amma azara yanzu nawa take, kuma giginyar tana ina? Kowa ya san an hana saran ta barkatai.

Tsohon Magini:
Nan kam ka kama ni. Shi ya sa in tsohon soro ya faɗi ake tsince azararsa tun kafin ƙura ta lafa.

Mushen Tarihi:
Tun 2006 Nijar ta sa Birni da fadar a jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin wuraren tarihi na duniya. Jerin jira ne, ba a kai ga amincewar ba, kada a gaya wa baƙi an riga an shiga.

Baduku:
A dawo kasuwa, don uwargida ba tubali ta zo gani ba. Kayan fata su ne tsarabar Damagaram, amma akwai na gaske akwai na ido. Fatar akuya da aka jeme da bagaruwa tana da ƙamshinta, ba ɗoyi ba, ba warin roba ba. In ta yi ɗoyi jimar ba ta nuna ba, kuma damina na zuwa za ta tashi da wari ta yi furfura. Ki naɗe gefen fatar ki matse: mai kyau za ta yi laushi ta koma, marar kyau fuskarta za ta tsattsage. Ki jiƙa ƙyalle fari ki goga a wurin da ba a gani. Ja na karan dafi ya kan ɗan taɓa ƙyallen kaɗan, wannan ba komai, amma in ƙyallen ya rine sharkaf, ranar da aka yi gumi rigar mai jakar ta tafi.

Sai ɗinki. A buɗe jaka ko alabe a duba ciki: ɗinki ne ya riƙe ko gam? A ja maɗaurin da ƙarfi a inda ya haɗu da jiki, nan ne yake fara tsinkewa. A lanƙwasa gindin jakar, in ya yi ƙara ko ya karye a layi ɗaya, kwali aka cusa. Takalmi kuma a gwada ƙafa biyu, a taka a yi taku goma. A duba ƙasansa, in gam kaɗai ne ba ɗinki ba ƙusa, zafin kwalta zai ɓalle shi. Tumtum a saye shi ba cushe ba, a naɗe, in an isa Yamai a cika shi da tsumma ko auduga. Wanda ya saya cusasshe ya biya wa tsumma kuɗin mota.

In ana son ganin aikin da ido, gara a je inda dukawa ke zaune suna yi, ko cibiyar masu sana'ar hannu, da a saya a hannun mai talla. Majema dai ban ba da shawarar a kai ƙananan yara ba, warin ya fi ƙarfinsu.

Hajiyar Zango:
Ƙari a kan na Baduku. Ku shigo da canji: ƴan 500, jika-jika da ƴan jika biyu. Takardar jika goma a rumfar mai faifai ɓata lokaci ce, sai an zagaya layi uku ana neman canji. Yaran da suka saba lissafi da Faransanci a koya musu dala tun a gida: dala ɗaya sefa 5, dala ashirin 100, dala hamsin 250, dala ɗari 500, jika 1000. Mai kaya in ya ce ɗari, 500 yake nufi. A ba manyan biyu dala ɗari-ɗari su yi cinikin kansu, a tsaya a gefe ana kallo.

Ciniki kuma mutum ɗaya ke yi. In uwargida na tayi, maigida ya yi shiru, kada ya ce "ai ya yi kyau, a ba shi". Kalmar nan kaɗai ta ƙara jika. A gaisa tukuna, a tambayi kuɗi a rumfa biyu ko uku kafin a taya, kuma abin da ba za a saya ba kada a taya. In ka taya aka ce an sallama, ka saya ke nan. Albarka ba faɗa ba ce, in an ce maka ita ka ƙara kaɗan ko ka yi sallama.

Kayan ci a bar su ƙarshe. Kilishi a ɗaga shi a rana, mai kyau siriri ne har haske na ratsa shi, ya bushe amma ba ya marmashewa. A ɗanɗana, in man ƙulin ya tsufa za a ji maƙaƙi a maƙogwaro. A naɗe shi a takarda, leda na sa shi gumi ya yi fumfuna kafin a kai Yamai, tafiyar kusan kilomita 900 ce. Alkaki a karya ɗaya a ga ko zaƙin ya ratsa har ciki. Dabino a ɓare biyu ko uku daga ƙasan tiren, ba na sama da aka jera ba, a duba ƙwaro. Turaren wuta kuma kada a saya da shinshina kwalba, a ce a ɗora kaɗan a garwashi. Wani a kwalba aljanna, a wuta hayaƙin icce.

Mai Horon Ƴan Wasa:
Ina jin ana ta lissafa zagayen Birni a matsayin motsa jiki. Ga yara da Inna, e. Ga manya masu lafiya, a'a. Taku ashirin a tsaya kallo, taku ashirin a tsaya gaisuwa, zuciya ba ta san an fito ba. Wanda ke so da gaske ya fita bayan asuba, minti 25 zuwa 30 na tafiya da sauri: minti 5 na farko a hankali, sannan a ƙara har ya zama kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa, minti 5 na ƙarshe a sassauta. A dawo a karya kumallo a yi wanka, 7:30 ta same ku a shirye. Awon da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar shi ne aƙalla minti 150 a mako ga babba, yaro kuma awa ɗaya kullum, don haka yini ɗaya ɗanɗano ne kawai.

Na yara da yamma, kuma ba sai an sayi komai ba. A samu fili mai yashi a yi langa. Kowa ya kama ƙafarsa ɗaya ta baya da hannu, a kasu biyu, kowane ɓangare da ruwansa, wato ɗan wasan da ake karewa har ya kai gida. Wanda ya saki ƙafa ko ya faɗi ya fita, in ruwa ya kai gida an sha. A sauya ƙafa duk zagaye, in ba haka ba gobe a tashi da ɗingishi. Zagaye biyar ko shida ya isa. Kada a haɗa ɗan shekara 4 da mai 14, a ba ƙaramin aikin alƙali ko tsallen igiya. A share filin tukuna, ƙaya da fasasshiyar kwalba ba sa sanarwa. In kun bi ta wajen filin kokawa ku nuna musu, su san inda ake neman takobin gasar kokawa ta ƙasa.

Baban Biyu:
Yaran tun a waya suke zancen hawan duwatsun nan na Birni. A bar su?

Mai Horon Ƴan Wasa:
A bar manyan, da babba a tare. A zaɓi dutse mai faɗi marar tsayi sosai. Silifas ba ya riƙe dutse, takalmi mai igiya za a sa. Ba a hawa ake faɗuwa ba, a sauka ne, don haka inda ya yi gangare a zauna a sauko da mazaunai, ba kunya a ciki. Kada a zura hannu a kogo ko tsaga, mazaunin kunama da maciji ne. Wajen 5 na yamma ya fi, dutsen ya huce kuma da sauran haske, a sauko kafin kiran magariba.

Hajiyar Zango:
Kuma wanda ya hau ya sani yana leƙa tsakar gidan mutane ne. Mata na nan suna daka, wata na wanka wa yaro. A kalli gari daga nesa, ban da nuna yatsa, ban da juya waya ƙasa.

Malamar Asibiti:
Sanyin Disamba na yaudara. Iskar hunturu na busar da gumi tun bai fito ba, mutum ba ya jin ƙishi sai kai ya fara sara. Ku lissafa lita 2 ga kowane babba, lita 1 da rabi ga yaro, ku tara lita 15 da rabi ke nan na yinin. Kun san halin famfon Damagaram, a cika jarka tun daren jiya, kada a dogara da safiya. Kowane yaro da gorarsa, a tuna musu su kurɓa duk rabin awa. Alamar da ba ta ƙarya fitsari ne: in ya yi ja ko ya ƙi zuwa, ruwa ya yi kaɗan. Yaron da ya yi laushi, ya daina surutu, leɓe ya bushe, a kai shi inuwa a ba shi ruwan gishiri da sukari. A sayi ƙullin a farmasi a sa a jaka. In babu, lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In ya fara amai ko ya rikice, asibiti kai tsaye.

Da safe a sa musu rigar sanyi da za a iya cirewa wajen 9, a shafa man kaɗanya a leɓe da ƙafa. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa a aljihu, ranar da hazo ya sauko sosai a sa takunkumi ko a fasa langar.

Inna kuma kada a ja ta lungu-lungu, ƙasar ba daidai take ba, ga kwata ga duwatsu. Adaidaita ta sauke ta a ƙofar fada, ta ga fada da masallaci, a samar mata dakali a inuwa da jikanta ɗaya a gefenta. Minti 10 na tafiya, minti 5 na zama, sanda a hannun da ke gefen gwiwar mai lafiya. In tana shan maganin hawan jini ko na sukari, ta sha a kan lokacinsa, kuma ba a fita da ita ba kari.

Ɗan Sabon Gari:
Adaidaita uku za ku ɗauka, ba biyu ba, tunda akwai kaya a dawowa. A yi jinga da su tun jajibiri, a faɗi wuraren tsayawa da lokacin jira, a karɓi lambar waya. Kabu-kabu da yara ba hular kwano, a'a.

Bakanon Zaure:
Ba wanda ya ambaci Mirya. Ba a nan ake tukwanen ba?

Hajiyar Zango:
Nan ne, kilomita 18 kawai, kasuwarta Lahadi. Amma ba ta shiga wannan yinin, sai dai a ware mata safiya daban. Wanda ya je ya ƙwanƙwasa tukunya kafin ya biya: mai lafiya tana ƙara ras, mai tsaga muryarta a dishe take.

Baban Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Laraba muka tsayar, Mushe ya yi haƙuri. Baduku, in ana son takalma na yaran duka biyar iri ɗaya, ana samu a take?

Baduku:
Da wuya a samu awo biyar a launi ɗaya a rumfa guda, sai dai a ba da aiki. Ka ce wa yayanka tun yanzu kowane yaro ya taka farar takarda a tsaye, da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a zagaye ta da biro a miƙe, ƙafa biyun duka. A auna tsawo daga dunduniya zuwa babban yatsa a rubuta santimita a jiki, don hoton waya ba ya nuna girma. Ka kai wa mai ɗinki mako guda kafin su iso, ka ba da rabin kuɗi, ka ce ya ƙara rabin santimita a na ƙananan. Ranar Larabar sai gwaji kawai, in maɗauri ya matse a buɗe shi nan take.